Motar Gatsby: ruwan madara ce, rawaya ce, ko tsanwa?

Mai Fenti, Farin Gada:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba ɗan jami'a ba ne, sana'ata fentin mota, shekara 14 ke nan ina yi a nan Farin Gada. Ƙanwata ce ke karanta adabin Turanci a Jami'ar Jos. Da ta zo hutu sai ta bar wani siririn littafi a ɗakin Inna, The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a 1925. Na ɗauka ne don na ga babi tara ne kacal. Wata biyu na yi ina bin sa da daddare, shafi huɗu ko biyar, ƙamus a waya, ina ƙudundune cikin bargo saboda sanyin Disamba.

Ga wanda bai karanta ba: Gatsby ɗan talakawa ne daga North Dakota, sunansa na yanka James Gatz. Yana soja ya haɗu da Daisy a Louisville a 1917, ya tafi yaƙi, kafin ya dawo ta auri Tom Buchanan, mai kuɗin gado. Shi kuma ya tara dukiya ta hanyar sayar da giya a ɓoye lokacin da Amurka ta haramta ta, ya sayi ƙaton gida a West Egg, daidai saitin gidanta da ke East Egg, ruwa ne kawai a tsakani. A bazarar 1922 ya nemi ya dawo da ita, abin ya ƙare da gawa uku.

A cikin littafin na tarar da wata takarda da rubutun hannun ƙanwata. Ta jera su: kore buri ne, rawaya kuɗi da lalacewa, fari tsarki, shuɗi mafarki, ruwan toka mutuwar zuciya. Ta ce haka ake haddacewa don jarrabawa. Na yarda da farko, har na zo kan maganar motar, nan ne abin ya ɗaure mini kai.

A babi na 4, ranar da Gatsby ya zo ɗaukar Nick, mai ba da labarin, Nick ya kwatanta motar dalla-dalla. Ya ce ruwan madara ce mai kauri, ƙarafunanta na walƙiya, kujerunta koriyar fata. Da idon rana ya gan ta, yana tsaye dab da ita, har ya shiga. To a babi na 7, da Tom ya tuƙa ta ya tsaya shan mai a garejin George Wilson, Wilson ya kira ta rawaya. Da magaribar wannan ranar motar ta kaɗe Myrtle, matar Wilson, ba ta tsaya ba. Michaelis, mai ɗan shagon abinci na kusa da garejin, ya ce wa ɗan sandan da ya fara zuwa yana jin kamar tsanwa ce. Sai wani mai wucewa ya ce a'a, babbar mota ce rawaya, sabuwa. Daga nan har ƙarshen littafin rawaya ta zama, kuma da wannan launin Wilson ya bi sawu har ya iske Gatsby cikin tafkin wanka ya harbe shi. Alhali Daisy ce ke tuƙi.

Mota ɗaya, launi uku. A wurin aikinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ruwan madara daban, rawaya daban, mai mota zai iya hana ka kuɗinka a kan abin da bai kai haka ba. Kuma a nan ƙasar rawaya launin haya ne, launin danfo na Legas da A Daidaita Sahu na Kano. Ban taɓa fesa wa Alhaji rawaya a motar hawansa ba. Shi ya sa da Tom ya raina motar, ya kwatanta ta da keken masu wasan nishaɗi, na gane abin da yake nufi tun kafin in duba ƙamus.

Abin ya tuna mini wani dare ina yaron shago. Wani mutum ya kawo mota bayan isha'i, gabanta na dama ya lotse, fitila ta fashe, ya ce a gyara a canza mata launi gaba ɗaya kafin gari ya waye, ko nawa ne zai biya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya zagaya motar sau ɗaya da tocila, ya ce masa ya je ya kawo takardar 'yan sanda. Mutumin bai dawo ba. A babi na 8 Gatsby ya yi akasin haka. Ya ce kada a fitar da motar ko da wane dalili, ga gabanta na dama yana buƙatar gyara, ya zauna yana jiran wayar Daisy.

Tambayata ga masana: marubucin mantawa ya yi da launin da ya fara ba motar, ko da gangan ne? In da gangan ne, to jerin da ke takardar ƙanwata yana da amfani kuwa? Don in rawaya na nufin lalacewa, me za a ce da motar lokacin da take ruwan madara?

Malamar Adabi, Rikkos:

Wa alaikumus salam Malam. Shekara da shekaru ina koyar da wannan littafin a sakandare, ɗalibai kaɗan ne suka taɓa lura da maganar Michaelis. Idon sana'a ne ya nuna maka.

Ban ɗauka mantuwa ce ba. Fitzgerald ya yi wa littafin gyara mai yawa har bayan an jera shi a maɗaba'a, kuma irin wannan sauyin ba a kan mota kaɗai ya faru ba. Ɗauki koriyar fitilar nan da kowa ya sani. A ƙarshen babi na 1 Nick ya hango Gatsby cikin duhu ya miƙa hannuwa wajen ruwa, jikinsa na rawa, babu komai a can sai ɗan ƙaramin koren haske a bakin gadar jiragen ruwa ta gidan Daisy. A babi na 5 Daisy ta shigo gidansa, tana riƙe da hannunsa. Ya ce mata ba don hazo ba da sun hango gidanta, ya ambaci fitilar. Nan take Nick ya lura cewa girman da fitilar take da shi a zuciyar Gatsby ya tafi, ta koma fitilar bakin ruwa kamar kowace. Fitilar ba ta canza ba, tazarar ce ta ƙare. Mu da muke cewa hangen Dala ba shiga birni ba, mun san rabin maganar. Ɗaya rabin shi ne wanda ya shiga birnin ya daina ganin Dalar yadda ya hango ta daga nesa.

Kuma kore ba kullum yake zuwa da alheri ba. Ranar da James Gatz ya sauya suna yana ɗan shekara 17 a bakin tafkin Superior, yagaggiyar koriyar riga ce a jikinsa. Bayan da Wilson ya gano matarsa tana cin amanarsa, Nick ya ce fuskarsa ta yi kore a cikin rana, irin na mai ciwo. Sai a shafin ƙarshe kuma a ce haka tsibirin Long Island, inda West Egg da East Egg suke, ya bayyana kore shar ga matuƙan jirgin ruwa 'yan Holan da suka fara isowa, kafin a sare itatuwan a gina gidaje irin na Gatsby. Wanne daga ciki za ka rubuta a gaban kalmar kore?

Fari ne ya fi ba ni wahala da ɗalibai. Mu Hausawa fari na da kyakkyawan suna a bakinmu: farin ciki, farin jini, farar aniya. Don haka da yara suka ga Daisy da ƙawarta Jordan cikin fararen riguna a babi na 1, labule na kaɗawa, da kuma Daisy tana 'yar shekara 18 da farar riga da farar ƙaramar mota, sai su rubuta tsarki su wuce. Ina tuna musu cewa a kan teburin cin abincin wannan daren ne Tom ya dinga zuba maganar fifikon farar fata a kan sauran jinsi. Ina tuna musu likkafani ma fari ne. Sunan Daisy kansa sunan fure ne mai fararen ganye da rawaya a tsakiya. Kallon kitse Gatsby ya yi wa rogo shekara biyar.

Duk da haka ba na son a mayar da Daisy shaiɗaniya. Wurin da Gatsby ya buɗe kabad ya dinga watso riguna, masu ruwan murjani, da tsanwa, da ruwan goro mai haske, ta kifa kai a kansu ta fashe da kuka, ni a matsayina na mace ban karanta shi a matsayin kwaɗayi ba. Mace ce da ta zaɓi tsaro, ga shi an baje mata a gabanta irin rayuwar da ta bari, kala-kala, kuma ta san lokaci ya wuce. Ranar jajibirin aurenta ma sai da ta sha ta bugu da wasiƙa a hannu, ta ce a mayar da sarƙar lu'ulu'un da Tom ya ba ta. Washegari aka ɗaura.

Game da motarka: Nick, wanda ke ganin Gatsby da idon rahama, ya ce ruwan madara. Mutanen gefen titi suka ce rawaya. Ni haka nake koyar da shi, in ce wa ɗalibai duk inda suka ga launi su fara tambayar wa ke kallo, daga ina, da wane lokaci.

Ɗalibi, Unguwar Rogo:

Malama, da girmamawa, ni ina ganin an tsawaita. Kore launin dalar Amurka ne, shi ke nan. Gatsby da bakinsa ya ce muryar Daisy cike take da kuɗi. Sarƙar da kika ambata dala 350,000 ce a wancan zamanin. Abin da yake miƙa wa hannu a ƙetaren ruwa gidan masu kuɗin gado ne, Daisy ƙofa ce kawai. Kuma zinare na tsofaffin masu kuɗi ne, rawaya na sababbi, jabun zinare ke nan. Shi ya sa 'yan matan nan biyu na wurin shagalinsa suke sanye da rawaya, har kiɗan ma an ce rawaya ne.

Yaya mai fenti, kada ka sa ƙanwarka ta yar da takardarta. Mai duba jarrabawa jerin nan yake nema.

Malamar Adabi, Rikkos:

Ɗana, rabon zinare da rawaya da ka yi malamai da yawa suna yin sa, kuma yana da ƙamshin gaskiya. Amma koma babi na 5. Gatsby ya je ganin Daisy da fararen kaya, riga ruwan azurfa, da laktaye ruwan zinare. A ɗakin kwanansa, wanda ya fi kowane ɗaki sauƙi a gidan, kayan gyaran gashinsa zinare ne tsantsa, har Daisy ta ɗauki buroshin ta shafa a kanta. Ga sabon mai kuɗi da zinare na gaske. Ka rubuta jerin a jarrabawa in kana so, amma ka ƙara da inda ya karye.

Dattijo, Dilimi:

Salamu alaikum. Na karanta wannan littafin tun ina aikin akawu, na sake karanta shi bayan na yi ritaya. Duk kun tsaya a kan kore da fari da rawaya, wato launukan masu hali. Babu wanda ya taɓa toka.

Tsakanin West Egg da birnin Niyok akwai wani fili da ake zubar da tokar gawayin birnin. Duk mai zuwa birni, a jirgin ƙasa ko a mota, sai ya ratsa ta nan. Gidaje toka, motoci toka, mutanen da ke aiki da shebur su ma toka. A nan garejin Wilson yake. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mahaifina leburan kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa ke haƙa a wannan tudun, kuzar ta bi jirgin ƙasa ta tafi, aka bar mana tsibin ƙasa da kududdufai. Ka je wajen Rayfield ko hanyar Bukuru da yamma, ruwan zai yi maka kyau, wani kore wani shuɗi-shuɗi, kwance lumui. Iyayenmu sun sha hana mu zuwa, don zurfinsu ya ci yara da yawa. Duk lokacin da na karanta maganar koriyar fitila a ƙetaren ruwa, waɗannan kududdufan nake gani.

Akwai abin da na daɗe ina tunani. A Suratul Hadid, aya ta 20, an buga misalin rayuwar duniya, da wasanta da adonta da alfahari da gasar tara dukiya da 'ya'ya, da ruwan sama wanda tsironsa ke burge manoma, sannan ya bushe ka gan shi ya yi rawaya, sannan ya zama dandaƙaƙƙen karmami. Ban ce marubucin ya san ayar ba. Amma duk wanda ya taɓa noma ya san wannan jerin, kuma littafin haka ya tafi. Ya fara a farkon bazara ganye na tohowa, ranar da aka kashe Gatsby kuwa ya ɗauki katifar iskarsa ya shige tsakanin itatuwan da suka fara yin rawaya. Mutumin da ya fito masa daga cikin itatuwan, an kwatanta shi da mai launin toka. Don haka ni ba launuka uku nake gani ba, ganye ɗaya nake gani a wata uku.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne allon tallan nan na likitan ido, Dakta Eckleburg, manyan idanu shuɗɗa cikin tabarau rawaya, fentin ya koɗe saboda rana da ruwa, suna kallon filin tokar. Bayan mutuwar matarsa Wilson ya tsaya a taga yana kallon su yana cewa Allah na ganin komai. Michaelis ya ce masa ai talla ce. Ya tambaye shi ko yana da cocin da yake zuwa, a kira masa wani, ya ce ba shi da ko ɗaya. Bawan Allah ya rasa inda zai kai kukansa sai allon talla.

Ɗana mai fenti, kai da kake wuni a gareji, na yi mamaki da ka yi ta maganar motar Gatsby ba ka ce komai a kan mai garejin ba.

Mai Fenti, Farin Gada:

Na gode Malama, na gode Baba, kai ma ƙanina na gode, takardar tana nan na mayar mata cikin littafin.

Baba, maganarka ta tsaya mini a rai tun jiya. Gaskiya ne, na tsallake Wilson, kuma ina jin na san dalili. Da na fara karantawa Gatsby na bi, don ni ma na taɓa neman wata, na yi shekara biyu ina tara kuɗin lefe, kafin in haɗa aka ba wani. Ba na ƙullatar kowa, iyayenta sun duba abin da suke ganin ya fi mata. Amma da na zo inda Tom ke yi wa Gatsby dariya saboda ya sa kwat ruwan hoda, wai mai irin wannan kayan ba zai ce ya yi Jami'ar Oxford ba, sai da na ajiye littafin. Na tuna wata shadda da na ɗinka ta zuwa gaisuwa gidansu, mai ƙyalli sosai, na zaɓe ta don a ga na samu. Yayunta duk farare suka sa marasa aiki. Babu wanda ya ce mini komai, amma tun a zaure na gane.

Daren jiya na koma babi na 2 na karanta Wilson a hankali. Garejinsa fayau, mota ɗaya ce a ciki, wata matacciyar Ford a lungu ƙura ta rufe ta. Ya fito yana goge hannu da tsumma, farar ƙurar toka ta hau masa kaya da gashi. Abin da ya fara tambayar Tom shi ne yaushe zai sayar masa da motar nan da ya yi masa alkawari, don ya sayar ya ɗan samu wani abu. Tom ya ce sati mai zuwa, da Wilson ya ɗan yi ƙorafi ya yi masa barazanar kai ta wani wuri, Wilson ya shiga ba da haƙuri. Kuma Tom ɗin ya zo ne don ya yi wa matar mutumin alamar su haɗu a tasha. Na san wannan tsayuwar. Na san yadda ake yi wa mai mota murmushi alhali ya riƙe maka kuɗin aiki wata uku, don kada ya kai motarsa ta gaba wani gareji. In muka wuni muna goge jikin mota kafin feshi, haka muke komawa gida, gira fari, gashi fari, hanci cike da ƙura, 'yata ƙarama takan ce Baba ya tsufa. Motar ta fita tana sheƙi, ƙurarta ta kwana a ƙirjinmu.

Yau kuma na yi wani gwaji. Ina da ragowar fenti na wata tsohuwar Marsandi, na haɗa ruwan madara mai kauri kamar yadda na fahimci kwatancen Nick, fari da ɗan rawaya da ɗigon ƙasa-ƙasa, na fesa a kan wata tsohuwar ƙofar mota. Da azahar na kira yarana uku na shago, duk suka ce ruwan madara, ba gardama. Na bar ta jingine a jikin katanga. Ana kiran magariba, hazo ya sauko, na sa aka kai ta ƙetaren titi, na kira wasu mutum uku da ba su gan ta da rana ba. Mai shayinmu ya ce rawaya. Wani mai walda ya ce rawaya mai haske. Na ukun, wani yaro mai faci, ya daɗe yana kallo, wata babbar mota ta wuce ta haske ta, ya ce shi dai kamar tsanwa-tsanwa yake gani, amma kada a riƙe shi a kan maganar.

Malama, in kina so ki nuna wa ɗalibanki, ƙofar tana nan ban goge ta ba. Sai dai a zo da ita aji da rana, a sake fito da ita da yamma. Yanzu kuma na koma kan shuɗi, don na lura motar Tom shuɗiya ce, lambun Gatsby ma an ce shuɗi ne, kuma rigar farko da wani attajiri mai suna Dan Cody ya saya masa bayan ya ɗauke shi aiki a jirgin ruwa shuɗiya ce. Na sa alama a wurare shida zuwa yanzu, ina babi na 6.